Daga Kurmi zuwa Longquan, garin da ake ƙera takubban intanet

Sana'ata sayar da kayan doki ce: sirdi, linzami, jalala, ɗan kai, likkafa da sauran tarkacen hawa. Yadin da muke ɗinka jalala da shi, da zaren ado da duwatsun da ake jerawa a kai, yawancinsu daga Chana suke zuwa, don haka tafiya can ba baƙon abu ba ce a layinmu. Abin da ya ƙaru a wannan karon shi ne takobi. Tun da hawan angwanci ya zama yayi, samari suka daina aron takobin kakanni. Sai yaro ya shiga intanet ya yi odar wani mai walƙiya, da kan zaki ko kan maciji a ƙota, kuɗinsa bai kai na linzami mai kyau ba. Bayan hawa ɗaya ko biyu sai ka gan shi a bakin rumfa, ruwan takobi a hannun dama, ƙota a hagu, wai a taimaka a nemo mai gyara. Ina kai wa maƙera suna dawo mini da shi suna girgiza kai. Shi ne na ƙudura idan na je saro kaya sai na nemi inda ake yin abin nan na gani da idona.

Mun tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano a jirgin Habasha cikin watan Nuwamba, bayan an watse daga baje kolin Gwanzu (birnin Guangzhou na kudancin Chana), lokacin da kuɗin masauki ke sauka. A Adis Ababa muka sauya jirgi, daga nan sa'a goma da ɗoriya muna sama. A filin jirgin Baiyun na Gwanzu aka duba katin rigakafin shawara, na'ura ta ɗauki zanen yatsuna goma, jami'i ya tambayi inda zan sauka, ya buga hatimi. Agogonsu yana gaban namu da sa'a bakwai, shi ya sa daren farko ido biyu na yi shi.

A unguwar Xiaobei na sauka, inda 'yan Afirka suka fi yawa. Mai karɓar mini kaya wani Badamagare ne da ya daɗe a can. Shi ya saita mini Alipay, manhajar biyan kuɗi, a waya, domin a ƙasar nan ko mai sayar da gasasshen dankali a bakin titi ba ya son kuɗin takarda. Da na shimfiɗa darduma zan yi la'asar sai ya kama kafaɗata ya juya ni. Mu a gida gabas muke fuskanta, a can kuwa Makka tana yamma, kuma duk zuwan da na taɓa yi jikina bai taɓa sabawa ba. Da muka zauna cin shinkafa da miyar gyaɗa a wurin wata 'yar Mali da ke girki a hawa na sama, na kawo masa zancen takobi.

Ya ce, "Alhaji, ai ba a Gwanzu ake yin wannan ba. Ka gama sayayyarka ka wuce Yiwu, daga can dutse za ka hau. Amma kada ka kuskura ka je ba tafinta, can ba mai jin Turanci balle Larabci."

Ya haɗa ni da wani ɗalibi ɗan Katsina da ke karatu a wata jami'a a Jinhua, kusa da Yiwu, muka yi alkawarin haɗuwa.

Tashar jirgin ƙasa ta kudancin Gwanzu ta fi filin jirginmu girma nesa ba kusa ba, kuma binciken da ake yi a ƙofarta daidai yake da na jirgin sama. Jaka ta bi ta na'ura, kai ka bi ta ƙofar ƙarfe, wata ma'aikaciya ta shafa ka da sandar bincike gaba da baya. Fasfonka shi ne tikitinka. A gefen na'urar akwai kwando cike da ƙananan wuƙaƙe da almakasai da aka karɓe wa matafiya. Nan na fara tunanin yadda ƙasar da ba a barin ka hau jirgi da wuƙar fere lemo ta zama ita ce ke cika duniya da takubba. Tikitin ya ci kusan yuan 700, a lokacin da yuan ɗaya ya haura naira 200, sai ka lissafa. Amma jirgin yana taɓa kilomita 300 a sa'a, ruwan shayin da na ajiye a gabana ko motsi bai yi ba, kafin magariba muna Yiwu.

Yiwu kasuwa ce da aka yi wa gari. Babbar kasuwar Futian shiyya biyar ce, shaguna sun haura dubu 70, kuma na yi sayayyar zare da duwatsuna ba wani labari. Juma'a muka yi a babban masallacin garin, tsohuwar masana'anta ce aka mayar, sahu ɗaya ka ga Balarabe, Bapakistane, Basine da Bahaushe. A hawan da ake sayar da kayan adon ɗaki na ga takubba 'yan kaɗan rataye, irin waɗanda ake kawo mini a karye. Tafintana ya tambayi mai shagon, ta ce samfuri ne kawai, kayan daga Longquan suke zuwa.

Daga Yiwu muka hau jirgi zuwa Lishui, tafiyar da ba ta kai komai ba, daga nan muka shiga bas. Hanyar Longquan kusan rabinta a cikin dutse take. Ka fito daga wannan rami ka ga kwari cike da gora da hazo, kafin ka gama kallo an sake shiga wani. Garin yana kudu maso yammacin lardin Zhejiang, dab da iyakar Fujian, kuma dutsen da ya fi kowanne tsawo a lardin, mai mita 1,929, a ƙasarsa yake. A gefen hanya rumfuna ne jere an rufe su da baƙar raga. Na ɗauka kaji ake kiwo, ashe naman kaza ake nomawa a jikin guntayen itace, sana'ar da yankin ya shahara da ita tun da daɗewa. Sanyin wurin ba irin hunturunmu ba ne mai busar da leɓe. Jiƙaƙƙen sanyi ne, yana ratsa riga ya zauna a ƙashi.

Masauki ya ɗan ba mu wahala. Otal ɗin farko da muka shiga, yarinyar da ke kan tebur ta juya fasfona sama da ƙasa, ta kira wani a waya, ta ce ba su iya rajistar baƙon waje ba. Doka ce duk baƙo a sanar da 'yan sanda inda ya kwana cikin sa'a 24, kuma ƙananan otal da yawa gudun wannan ɗawainiya suke yi. Muka ja jaka cikin yayyafi zuwa wani babba, ɗaki yuan 200 da 'yan kai. Abinci kuwa ya fi masauki wuya. A nan man alade yana iya shiga ko a ganye, don haka sai da muka zagaya muka samo shagon taliyar Lanzhou mai koren allo da rubutun halal, irin wanda Musulmin arewa maso yammacin ƙasar ke buɗewa a kusan kowane gari. Taliya da romon sa, kwano yuan 15. Ita na ci safe da dare har muka bar garin, sai dafaffen ƙwai da lemo a aljihu. Maigidan da ya ga hulata ya yi mini sallama, ya ƙara mini nama bai caje ni ba.

Da gari ya waye na ga abin da ya kawo ni. Titi guda, shago bayan shago, ba komai sai takubba da koren tangaran. Abu biyun nan su ne tutar garin. Tangaran ɗinsu UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2009, ƙirar takobi kuma gwamnatin ƙasar ta sa ta a jerin gadonta tun 2006. Suna danganta sana'ar da wani maƙeri mai suna Ou Yezi, wanda labarinsu ya ce ya zo nan kimanin shekara 2,500 da suka wuce, ya sami yashi mai tama a rafi, da ruwan sanyi, da dutsen washi, ya ƙera wa sarkin Chu takubba uku. Har yau suna zana taurari bakwai a jikin ruwan takobinsu. Amma abin da ya cika shagunan ba nasu na gargajiya kaɗai ba ne. Ga na Japan mai lanƙwasa, ga na Turawan da masu siffar gicciye, ga na Larabawa, ga waɗanda aka kwaikwayo daga finafinai da wasannin kwamfuta, wasu faɗinsu kamar ba don hannun ɗan Adam aka yi su ba. Kusan duk ba kaifi, domin mai kaifi yana ƙarƙashin dokar makamai. Na ga takobin da yaran unguwarmu ke kawo mini, shi ɗin dai, har kan zakin. Na tambayi sari, aka ce yuan 80.

Tafintana ya ce, "Kawu, nan wurin 'yan yawon buɗe ido ne. Mu fita bayan gari."

A bayan gari na fahimci cewa takobin araha ba mutum ɗaya ke yin sa ba, kuma mafi yawansa bai taɓa ganin uwar maƙera ba. A wata masana'anta faifan ƙarfe ake shimfiɗawa, na'ura ta yanko siffar takobi ɗaya bayan ɗaya. A maƙwabciyarta mutane ne zaune gaban injin gurza da tsumma a hanci, tartsatsi na tashi. Can gaba masu kube, can masu zubin kayan ƙota, sai kuma wurin haɗawa, inda mata ke zaune da gam da sukundireba. Kowa da guntun aikinsa, ana biyansa a kan adadin da ya fitar. Wanda ake biya da ƙidaya kuwa ba ya tsayawa duba abin da ido ba zai gani ba.

Wanda ya buɗe mini cikin abin wani matashi ne da ya gaji ƙaramar masana'anta daga mahaifinsa, yana yin na araha yana yin na tsada. Da tafinta ya gaya masa a kan doki ake ɗaga takubban nan a garinmu, doki na sukuwa, sai ya ajiye kofin shayinsa ya ce in biyo shi. Ya ɗauko ɗaya daga cikin na yuan 80 ya murɗe kan ƙotar, ashe noti ne aka lulluɓe da kan zaki. Ƙota ta zame, ya miƙo mini abin da ya rage. Ruwan takobin mai faɗin yatsa uku ya ƙare daidai inda hannu ke farawa. An bar masa ɗan dungu da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, sai aka liƙa masa siririn rodi da ɗigon walda, kaurinsa bai kai fensir ba. Rodin nan shi kaɗai ya ratsa cikin ƙota har zuwa noti. Duk nauyin ƙarfe mai tsawon kusan mita, duk ƙarfin da hannu ya sa wajen wulwulawa, a kan ɗigon waldar nan yake taruwa, ga shi kuma zafin walda yana sa ƙarfen da ke kewaye da ita ya yi gautsi. Ya sa dungun a matsi, ya tanƙwara rodin da hannu ɗaya gaba da baya, a karo na uku ya ɓalle.

Ina riƙe da guntun nan na tuna wani hawan angwanci da aka yi a bayan layinmu. Abokin ango ya sako doki zai yi jahi, ya zare takobi ya ɗaga sama, sai ruwan ya fice ya bar shi da ƙota a hannu. Ya yi ta juyi a iska ya faɗi gaban baron mai rake, inda yara suka yi cincirindo. Allah ne ya tsare. A ranar mutane cewa suka yi hannu aka sa masa.

Sai ya ɗauko wani na yuan 400 irin na Japan, ya sa ɗan ƙusa ya fitar da turakun gora biyu daga ƙotar, ya buga ta fita. Wannan wutsiyarsa ƙarfe ɗaya ce da ruwan, ba walda, faɗinta ya kusa na ruwan, ta tafi kusan ƙarshen ƙota. A waje, idan ka jera su biyun ka ɗauki hoto, na arahar ya fi ɗaukar ido.

Daga nan muka shiga zancen ƙarfe, tafintana yana gumi saboda kalmomin ba na aji ba ne. Takobin araha da farin ƙarfe ake yin sa, irin na cokula da wuƙar kicin, wanda aka zuba wa sinadarin kuromiyam kusan kashi 13 cikin ɗari don kada ya yi tsatsa. A gajeriyar wuƙa ba shi da laifi. A dogon takobi kuwa, idan aka ƙarfafa shi da wuta sai ya yi gautsi ya karye, idan aka bar shi da laushi sai ya lanƙwashe ya ƙi dawowa, kuma masu araha laushin suke bari don ya fi sauƙi. Na aiki da baƙin ƙarfe ake yi, shi ne mai lambobin da kuke gani a ƙasan hoton takobi a shagunan intanet. 1045 yana nufin kabon ɗin da ke ciki kusan kashi 0.45 ne cikin ɗari, 1060 kashi 0.60, 1095 kashi 0.95. Yawan kabon yana ƙara tauri da riƙe kaifi, yana kuma ƙara saurin karyewa idan ba a iya wuta ba. Ya ce lamba ba ita ce magana ba, wutar ce. A gasa ƙarfe ya yi ja har wajen digiri 800, a tsoma shi a mai ko ruwa, sannan a sake ɗumama shi a sassauƙar wuta don ya saki gautsi. Wanda ya tsallake mataki na ƙarshe, takobinsa zai fashe. Wanda ya tsallake duka, nasa rodin gini ne da aka goge.

Ya gwada mana. Ya kafa tsinin na 1060 a katako ya danna har ya yi baka, ya saki, ya miƙe sak yana rawa. Ya yi wa na farin ƙarfe haka, ya tsaya a karkace. Na tambaye shi yadda mai saye daga Kano zai gane lambar da aka rubuta gaskiya ce. Ya yi dariya ya ce shi ya san abin da ya sayar wa dillali, abin da dillali ya rubuta a shagonsa na intanet kuwa tsakaninsa ne da mai saye.

Sauran adon ma kowanne da nasa sirrin. Igiyar ruwan da ke bin bakin takobin Japan, a na gaske tana fitowa ne daga yumɓun da ake shafa wa bayan ruwan kafin a tsoma shi, shi ya sa ba ta taɓa zama daidai wa daida. A na araha da burushin waya ake zana ta, kowane tudu kamar ɗan'uwansa. Zanen nan mai kama da jijiyar itace, wanda ake cewa an ninka ƙarfe sau kaza, a wasu asid ne kawai aka ɗiga a sama. Kan zaki da makarin hannu masu launin zinariya kuwa tutiya ce aka zuba a mazubi aka yi mata wanka. Ya goga magagari a gefe, ƙarƙashin ya fito toka-toka, alhali tagulla ko ka gurza ta har tsakiya rawaya ce. Tutiyar nan idan ta faɗi a siminti tsagewa take yi, kuma wajen digiri 400 take narkewa. A nan na gane dalilin da maƙeranmu ke dawo mini da su. Abin da zai zama ruwa kafin ya yi ja, ina maƙeri zai kama shi?

Hausawa sun ce araha ba ta ado. To wannan arahar ado kaɗai take yi, kuma in don Allah za a faɗa, tana yin sa. Wanda ke son abin ratayewa a bangon falo, ko ango da zai riƙe a kube a ɗauki hoto, na farin ƙarfen ya fi masa. Ba ya tsatsa, ba ya neman mai, zai yi shekaru yana walƙiya muddin ba a zare shi ana sara iska ba. Na baƙin ƙarfe kuwa ɗawainiya ne. Ka taɓa shi da gumin hannu ka mayar kube, damina ɗaya ta ishe shi yin ja, sai kana bin sa da man keken ɗinki. Abin da ke saurin mutuwa a na bango shi ne kube da wankan ƙota. Kuben itace ne mai laushi da aka busar a garin da hazo ba ya ɗagawa, aka fesa masa fenti. Ka kawo shi Kano ya sha hunturu ɗaya, sai ka ga ya tsage daga baki, takobi na kwaɗ-kwaɗ a ciki. Shi kansa matashin bai ɓoye ba, ya ce don bango ya yi su, kuma haka yake rubutawa a kwali.

A hawa na biyu na ginin na ga inda ake haifar da sha'awar yaranmu. Ɗaki ne an lulluɓe shi da baƙin yadi, fitilu ta ko'ina, wata na'ura tana fitar da hayaƙi. Wani yaro yana juya takobin yuan 80 a hankali gaban kyamara, wallahi ni da na ga cikinsa minti goma da suka wuce sai da ya burge ni. A ɗakin gefe wata budurwa ce tsaye gaban wayoyi uku tana tallar kai tsaye a Douyin, TikTok ɗin Chana, bakinta bai tsaya ba, oda na shigowa ana buga takarda ana liƙa wa kwali.

Kafin mu bar garin matashin ya kai mu wurin wani dattijo da har yanzu yake ƙira da gawayi. Injin duka yana da shi, amma gyaran ƙarshe da masaba yake yi, kuma washi da hannu, daga dutse mai kaushi zuwa mai laushi, aikin da ya ce yana cin makonni a kan takobi ɗaya. Farashinsa daga yuan dubu goma yake farawa. Ban je saye ba, shi ma ya sani. Na buɗe waya na nuna masa hoton takobin gidanmu, miƙaƙƙe mai baki biyu, da kwarmi uku a tsakiya da tambarin jinjirin wata biyu, ƙota an naɗe da jar fata. Ya ƙara girman hoton ya daɗe yana kallo, ya tambaya ko mu muka ƙera. Na ce ƙota da kube da hamila aikinmu ne, amma irin waɗannan tsofaffin, da namu da na Buzayen Agadas, da yawa ruwansu daga Turai ya zo, musamman Solingen ta Jamus, ya ratso Sahara a bayan raƙumi, maƙeranmu kuma suka riƙa yin nasu suna buga tambarin. Wato sayen ruwan takobi daga nesa ba yau muka fara ba. Bambancin shi ne kakanninmu ruwan kaɗai suke saye, su ga wutsiyarsa da idonsu, sannan maƙerin gida ya ratsa ta cikin ƙota ya daddale ƙarshenta da masaba. Na gaya masa yau maƙeranmu da sifirin tsohuwar mota suke yi. Ya ɗaga babban yatsa, ya ce ƙarfen kirki ne, ya fi rabin abin da ke kan titin garinsu.

Wannan hirar ce ta sauya mini ciniki. Na koma wurin matashin na zana masa siffar takobinmu a takarda, na ce ruwa zalla nake so, na 1060, ba kaifi, ba ƙota, ba kube, wutsiya mai faɗi ba walda. Ya ce ƙasa da hamsin ba zai kunna inji ba. Muka yi ta ja, tafinta na tsakiya, aka tsaya a yuan 130 kowanne. Na ƙara da 'yan na bango kaɗan saboda masu gyaran falo suna tambaya. Ɗauko su a hannu kuwa ba zance, ba jirgin ƙasa ba na sama. Shi zai tura su Yiwu da takardar shaidar cewa kayan ado ne marasa kaifi, daga nan su shiga kwantena tare da zarena. Sai da Badamagaren ya tuntuɓi masu kargo da dama kafin ya sami wanda ya yarda ya karɓa, shi ma da ƙarin kuɗi.

Dawowa ba wani labari, bas, jirgi, jirgi, sai ga ni a Kano ƙura ta tare ni tun daga matakala. Kayan suka biyo ta ruwa zuwa Legas, suka iso bayan wata biyu da wani abu. Cikin na bangon, biyu sun zo da tsagaggen kube tun kafin su ga hunturu.

Ruwan kuwa na ɗauki ɗaya na kai wa maƙerin da nake hulɗa da shi. Ya ƙwanƙwasa shi da ƙusa ya kara a kunne, ya goga magagari a baki, ya taka tsinin ya lanƙwasa ya saki.

Ya ce, "Alhaji, ƙarfe ya yi. Amma wanda ya yanka shi bai taɓa hawa doki ba. Kaurinsa ɗaya daga gindi har tsini, duk nauyin ya tafi gaba, kafin a kai ƙofar fada hannu ya sage. Sai na rage shi daga tsakiya zuwa sama, in fitar masa da kwarmi."

Na tambayi kuɗin aiki, ya faɗi abin da ya fi kuɗin ruwan da dakonsa. Na ce ya duba zumunci, ya ce zumuncin ne ya sa bai ƙara kuɗin gawayi ba. Da na haɗa da tagullar ƙota da aikin fata, kowane takobi zai tashi kusan ninki huɗu na wanda yaran ke oda a waya. Goma na ba shi ya fara da su, sauran suna ƙarƙashin kanta a naɗe cikin takarda mai mai. Baduku kuma ya ce ba zai taɓa kubena ba sai bayan sallah, aikin layun doki ya sha masa kai.